Gaisuwa Ba Ta Cikin Lissafina

Ina tsaye da waya a hannu ina auna lokaci, Malam Sada, tsohon mai waldarmu, yana haɗa ƙofar ƙarfe. Awa uku cif ya gama. Nan take na rubuta a allon shagonmu na Kambarawa: ƙofa biyu kullum. Da wannan lissafin na yi wa wata Hajiya alkawarin ƙofofinta shida cikin kwana uku, ranar Alhamis.

Alhamis ta zo, huɗu kawai ke jingine da bango.

Na ce, "Malam, mi ya faru? Ni da kaina fa na auna ka."

Ya ce, "Ranar da ka auna ni ruwa ake, muna ciki, ba mai wucewa. Ka sa gaisuwa a lissafin? In dattijo ya yi sallama, da baƙin gilashi a ido zan amsa mashi?"

Bai rufe baki ba sai ga Hajiya. Ya kashe inji, ya cire gilashi. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, har jikokinta na Gobarau ɗaya bayan ɗaya. Na saci kallon waya: minti ashirin.

Sannan ta juyo kaina ta ce, "Ku dai masu walda ba ku san darajar lokaci ba."

Masu shago, minti nawa kuke ware wa gaisuwa?