Jawabin da maigidana ya yi wa waya a kashe

Akwai wata safiya a gidanmu na Malbaza da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shekara talatin yana tuƙa motar siminti kafin ciwon suga ya tafi da ganinsa. Idon ne ya tafi, amma taurin kan yana nan. Ko buta ba ya yarda a miƙa masa.

Ɗanmu na fari yana Yamai, yana aiki da masu haɗa shafin intanet wanda mutum zai buɗe ya ɗauki kansa bidiyo ya aika. Da matarsa ta haihu, tafiya ta gagare mu, sai ya roƙi a ɗauko albarkar kakan jariri, a nuna wa jama'a ranar suna. Ta bakina saƙon ya bi, don tsakaninsa da ubansa akwai kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yabonsa a gabansa ba. “Wancan na Yamai” yake ce masa.

Bayanin da yaron ya yi mai sauƙi ne: a danna maɓalli ya fara ɗauka, a sake dannawa ya tsaya, saƙo ya tafi da kansa. Wayar maigidan tana magana, tana karanta masa abin da yatsansa ya taɓa. Amma a wannan shafin duk inda ya taɓa abu ɗaya take cewa, wato maɓalli da Faransanci: “Buton. Buton. Buton.”

Na ce, “Malam, kawo in duba maka.”

Ya ce, “Ni da nike kai tirela Agadas ba taswira, ɗan abin ga za ya gagare ni? Kihe min turmi.”

Na kife turmi a tsakar gida, ya jingina wayar da gwangwanin madara, ya lalube ta sama da ƙasa har ya gamsu. Sannan aka shiga shiri. Ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya canza hula sau uku, ya ce in kawo turare. Na ce ƙamshi ba ya bin waya. Ya ce surukai ne za su kalla, ba a zuwa gabansu haka nan. Yana cikin fesawa akuyarmu ta kama gefen rigar, ya yi mata zagin da ban ƙara ji ba tun yana tasha. Daga nan ya koma kan surukin namu, ya ce Allah ya sa dai ragon suna ya fi wanda mutumin ya yanka da layya, don wancan kyanwa ce aka sa wa ƙaho.

Da ya zauna, na tsokane shi. Na ce, “To shi wancan na Yamai, mi za ka ce mai?”

Ya ce, “Mi zan ce? Ke kin san ba ni iyawa. Amma wallahi tun randa na ɗauko ku daga likita ban taɓa kwana ban yi mai addu'a ba. Yaron ga bai taɓa sa ni duƙar da kai ba.” Sai ya kira sunansa, a hankali, sau biyu. Sunan da ni ma ba zan rubuta a nan ba.

Ya share fuska, ya kore ni ɗaki, ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Daga ƙofa na ji jawabi na kusan rabin awa, da muryar limami: tarihin kakanni tun daga Tajaye, nasiha, addu'o'i. Ya gama ya sake dannawa, ya ce in kawo fura, aiki ya yi kyau.

Abin da ba mu sani ba, tun wajen lalube ya kunna ɗaukar. Bisimillar da ya yi kashewa ce. Duk jawabin nan turmi ya yi wa. Dannawar ƙarshe kuma ta buɗe sabon bidiyo, na akuya tana cin ɓawon wake har batir ya mutu.

Rezo, wato layin sadarwa, ya yi nauyi, saƙon bai isa ba sai da jama'a suka zauna, aka saka shi kai tsaye a babbar talabijin ba wanda ya duba. Surukarmu ce ta ba ni labari tana dariya har da tari. An ga hula uku, an ji zagin akuya, an ji zancen rago, mai ragon kuwa yana zaune a sahun gaba. Ta ce shi ya fi kowa dariya, ya ce a gaya wa makahon ya zo ya shafa na yau ya ji. Da aka zo ƙarshe, inda ya kira sunan ɗansa, dariya ta tsaya. Ɗana ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Maigidan ya yi kwana uku ba ya fita ƙofar gida. Sati na zagayowa yaron ya iso da kwamfutarsa. Ya durƙusa ya ce, “Baba, laifin aikinmu ne. Mun yi shi don masu ido kaɗai.”

Uban, yana fuskantar bango, ya ce da ni, “Gaya mai mota ma in za ta yi baya ƙara takai.”

Kwana biyar suna zaune a zaure, ɗaya na dannawa yana faɗa, ɗaya na gyarawa. Yanzu shafin yana faɗin sunan kowane maɓalli, yana cewa an fara ɗauka ko an tsaya, wayar ta girgiza, har ya gaya wa mutum in fuskarsa ta kauce. Yana kuma tambaya kafin ya aika. A kwana biyar ɗin nan suka yi hirar da ba su yi ba a shekara talatin da biyu.

Maigidan bai kai wata damina ba ya rasu.

Na koyi cewa duk mai ƙera abin da jama'a za su yi amfani da shi, ya fara zama da wanda ba ya gani ko ba ya ji, ya bar shi ya gwada da hannunsa, don mutuncin mutum na iya rataya a kan maɓalli guda. Na koyi kuma kada a bar kyakkyawar magana sai kuskure ya fitar da ita. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, tamu ta fita yana da rai.