Zubukar da Ke Rataye a Zaurena

Duk wanda ya shigo zaurena a Illela sai ya ga wata jar zubuka rataye a ƙusa, mai tuntaye da ƙyalli. Baƙi kan yaba ta. Ni kuwa ban rataye ta don ado ba, na rataye ta ne don mutum ɗaya, taubashina, ɗan gwaggona, kuma ya sani.

Zubuka ita ce matashin da ake ɗora wa doki a baya kafin sirdi. Ina da wani doki akawali a lokacin, baƙi wuluk, babu farin gashi ko ɗaya a jikinsa. Wani tsohon baduku na Amarawa ne ya ɗinka masa tasa. Sai da ya sa na sukwane shi har ya jiƙe, aka sauke sirdi, ya duƙa yana karanta gumi. Inda ya jiƙe, lafiya. Inda ya bushe a tsakiyar jiƙa, nan sirdi ke cizo. Ya cusa audugar rimi a saƙi, ya ƙara nan, ya rage can, ya bar hanya a tsakiya don kada komai ya taɓa ƙashin baya. Ya ce mini zubuka ta doki ɗaya ce, ba a aronta, ba a sauya ta don kyau. A wurinsa na koyi aikin kafin ya rasu. Da ta tsufa ta yi baƙi, ta yi faci uku, tana wari. Shekara shida ina hawa da ita dokina bai taɓa ko kumburi ba.

Sai ga taubashina, wai za shi suna Tozai, yana son doki. Mutumin nan ɗan ƙwalisa ne na ƙarshe, ko gona za shi sai ya fesa turare. A gidanmu ba a hana ɗan'uwa aron doki. Na ɗaura masa sirdi da hannuna, na ce kada ya taɓa komai.

Ashe tun ana gobe tafiyar ya tsallaka kasuwar Ƙwanni ya sayo wannan jar. Soso ne a ciki, irin na katifa, an rufe shi da yadin roba. Yana fita gari ya kwance sirdi, ya jefa tawa cikin wani kwari, ya ɗora tasa. Bazara ce. Soso ya sha gumi ya lotse, itacen sirdi ya zauna kan ƙashi, roba ta dafa fata. Haka ya je Tozai ya dawo, har da sukuwa a gaban 'yan suna.

Da na ɗaga zubukar nan, da fata ta taso. Dokin ya durƙusa da gaba yana makyarkyata. Na dubi taubashina, ya tuntsire da dariya.

«Kai bawana, mi ad da kai? Na hid da kai kunya, tsumman ga naka ko jaki ba ya so nai.»

Manya suna zaune. Kawuna ya ce in yi haƙuri, wasan taubasai ne, ba a fushi da taubashi. Na haɗiye. Amma wallahi ban yafe ba, kuma ban yi kamar na yafe ba a cikin raina. Na ɗauki jar zubukar na ajiye.

Wata huɗu ina jinyar mikin nan. Ruwan gishiri da safe, man shanu da garin bagaruwa da yamma, ina zaune ina korar ƙuda da reshe. Malamin dabbobi ya zo ya yi allura. Miki ya rufe, gashi ya fito fari fat, faɗin tafin hannu, a bayan baƙin doki. Burina ɗaya, in sake hawansa. Ranar da na ɗauko sirdi, yana jin ƙarar likkafa ya lanƙwashe baya, ya ja turke har ya kusa tuge shi. Na gwada bayan wata biyu, na gwada bayan shekara. Abu ɗaya.

Duk tsawon nan taubashina yana zuwa gaisuwa yana tambayata yaya mai farar hula, wai dokin.

Allah bai bar ni haka ba. Bayan shekara biyu ya sayi nasa dokin, wani kili mai kyau. Ko wata bai yi ba bayansa ya fara kumburi. Tsohon baduku ya rasu, kowa ya tambaya sai a ce ya zo wurina. Ya shigo zaure ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, cikin shadda, manya na zaune, har da kawun nan nawa.

«Ɗan kawu, taimako nika biɗa.» Ranar ban zama bawa ba.

Na ce zan yi, amma sai mun yi wasa tukuna, irin namu na taubasai. Na ɗauko jar zubukar. Na ce ya tuɓe riga, a ɗora masa ita a baya, a ɗora sirdi, a ɗora tiya goma ta gero, a ja majayi. Sannan ya kai mini geron can gonata da ke hanyar Araba, ya dawo da sirdin. Ya dubi kawu. Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce ai wasa ne, ba a fushi da taubashi.

Na bi shi a ƙasa, rana tsaka. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, masu babur suna tsayawa. Tun kafin mu fita gari ya daina murmushi. A rabin hanya ya ce robar tana cinsa, in sassauta majayi. Na ce doki bai da bakin faɗa, shi ma kada in ji bakinsa. Da muka dawo na ɗaga zubukar, kafaɗunsa biyu sun yi bororo, ɗaya ta fashe. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Washegari na je na duba kilin. Na karanta guminsa yadda aka koya mini, na cusa audugar rimi, na bar masa hanya a tsakiya. Na yi aikin da kyau, don shi dokin bai yi mini komai ba. Har yau ana hawansa.

Bayan sati ɗaya taubashina ya zo, ya ɗaga riga ya nuna mini bayansa ya warke sumul. Ya ce to, mun biya juna, in sauke abin can daga ƙusa. Na kama hannunsa na kai shi turke, na ɗora tafinsa a kan farin tabon. Akawalin yana jin nauyin hannu ya lanƙwashe baya.

Na ce ranar da na sake hawan wannan, ya zo ya sauke ta da kansa. Dokin ya mutu bara a turkensa, ban hau shi ba.