Bangon da Baba ya ɗora

Babana magini ne, kuma mutum ne da zama bai karɓe shi ba. Ko gaisuwar rasuwa ya je, ana addu'a idonsa na kan kusurwar ɗaki, yana duba ko ta miƙe. In ya shiga gidan mutane, sai ya shafa bango da tafin hannu kafin ya amsa sannu da zuwa. Shekara arba'in da biyu ya yi a sana'ar. Abokan aikinsa Kibiya suke ce masa, saboda bangonsa ba ya karkata. Mahaifiyarmu kuwa cewa take ba wata kibiya, ƙaiƙayin hannu ne kawai.

Da muka tashi ƙara ɗaki da banɗaki a gidanmu, maigidana ya so ya ɗauko wani magini, wai Baba ya haura saba'in, ya kamata ya huta. Ban san wanda ya kai wa Baba labari ba. Washegari da sassafe muka tarar da shi a tsakar gida riƙe da cokalin gini da ma'aunin ruwansa na duba miƙewar bango, yana tambayar inda aka jibge bulo. Shi ya ɗora bangon wurin wanka, shi ya manna tayil, yana yi yana faɗa da siminti kamar yana jin magana.

Ni kuma nawa ciwon ƙofa ce. A gidan wata ƙawata na ga ƙofar wurin wanka ta gilashi zalla, mai kauri, ba firem a gefenta, daga ranar na kamu. Na gaji da tsugunawa da tsohon buroshin haƙori ina ƙwaƙular dattin sabulu daga lungun firem ɗin tsohon banɗakinmu. Wata uku ina zagayen shagunan gilashi, wayata cike da hotuna, na hana kowa sakat a gidan.

Ranar da mai gilashi ya zo awo, ya auna sama, ya auna ƙasa, ya sake auna sama. Ya sosa ƙeya. Ya ce bangon ya karkata, tsakanin sama da ƙasa akwai bambancin kusan yatsa biyu. Ƙofa marar firem a jikin bango ake rataye ta kai tsaye, in bangon bai miƙe ba, za ta riƙa buɗe kanta, ruwa kuma ya bi ta gefe ya malale ɗaki. Mai firem kuwa tana da kwari a gefe da ke shanye karkatar, ba mai ganewa.

Ya ce, “Firem rufin asiri ne, Hajiya. Wane ne ya yi muku wannan bangon?”

Na ce wani ne.

Bayan tafiyarsa na kasa zaune na kasa tsaye. Na shiga banɗakin ya fi sau goma, in kalli bangon in fito, in ɗora tukunya in manta da ita. Na ji haushin mai gilashi da tambayarsa. Na ji haushin maigidana da ya ji labari ya yi shiru, don da ma ya ce ai na faɗa, da na samu wanda zan huce a kansa. Amma gaskiya tsoro ne ya fi yawa a raina. Ban damu da ƙofar ba kuma, abin da nake gudu shi ne Baba ya sani.

Da ya zo duba aikinsa ranar Asabar, na tare shi da ruwan sanyi da dogon bayani. Na ce na canza shawara, mai firem zan sa, don marar firem tana ba ni tsoro saboda yara. Ya tsaya yana kallona.

“Uwata, wata uku kina cika mana kunne da gilashi zalla. Yau kika tuna kina da yara?”

Bai jira amsa ba. Ya ciro ma'aunin ruwan daga jakarsa ya shige banɗaki, na bi shi. Ya jingina shi a bango. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa shi, ya ja da baya, ya goge ɗan gilashin da hannun riga, ya sake matsowa. Ya ce in kunna fitila. Fitilar a kunne take.

“Zo ki duba min. Kumfar nan tana tsakiya?”

Na so in ce e, har bakina ya buɗe. Amma mutumin nan bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan bango ba.

“Ta ɗan gota, Baba.”

“Ɗan kaɗan ko da yawa?”

“Ta tsallake layin.”

Ya ce ranar da ya ɗora shi, da idonsa ya gan ta a tsakiya cif. Ya kai ma'aunin bango na biyu, ya sa na duba, ya kai na uku. Biyu daga ciki sun karkata. Ya ce in gaya wa mai gilashi ya kawo mai firem ɗin, kuma in ya sake tambayar wanda ya yi bangon, in faɗa masa.

Ya fita tsakar gida ya yi ta kai da komowa, yana laluben aljihu. Can ya miƙo min wayarsa, ya ce in nemo masa lambar mai shagon magani na layinsu, wanda ya yi wa alkawarin fara katanga ranar Litinin. Na nemo, na miƙa masa. Ina jinsa suka gaisa, Baba ya ce masa ya nemi wani magini, har ya ba shi sunan wani da suka shekara ashirin ba sa ga maciji, ya ce hannunsa na da kyau. Mutumin ya tambaya ko jiki ne ba daɗi.

Baba ya ce, “Lafiyata ƙalau. Na daina ne.”