Ejnar Mai Fenti da Ƙofar da Ya Ƙi Ɓoyewa

Shin zalunci ne ka ɓoye wa mutum ƙofa domin ka tsirar da ransa? Na daɗe ina juya tambayar nan, har yau ban sami amsa ba. Ban yi nisa a makaranta ba. Ɗan abin da na sani a littattafan aro na tsinto shi, sauran kuma wajen kallon Ejnar Thygesen, mai fentin gidan kula da tsofaffi na garinmu, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan.

Kullum da safe yakan jingine kekensa, ya sha kofi a tsaye, sannan ya bi lungunan gidan yana duba inda haske ke sauka. Ba ya buɗe gwangwanin fenti sai ya kalli yadda tsofaffi ke tafiya. Shi ya gano baƙar shimfiɗar bakin falo, masu ciwon mantuwa rami suke ganinta, ya sa aka ɗauke. Farar ƙofar banɗaki a jikin farin bango ɓace musu take yi, sai ya mayar da ita ja, kuma daga ranar mutane da yawa suka huta da kunyar jiƙa tufafi. Yakan ce ido ba ya ganin abu sai ya bambanta da maƙwabcinsa.

Matata Bodil tana cikinsu. Ta manta sunana, amma ba ta manta hanyar bakin teku inda mahaifinta ke sauke kifi ba. Bara da sanyi can aka tsince ta, da silifa a ƙafa. Dokar gidan ta hana kulle ƙofar fita titi, don haka Tove, shugabar masu jinya, ta ce Ejnar ya shafe ƙofar da launin bango, ta ɓace wa Bodil.

"A'a," in ji shi. "Ni nuna hanya na iya. In ɓoyewa kike so, nemi mai dabo."

"Kai tsohon nan! Kanka ya fi busasshen burushi tauri," in ji Tove.

Ni ma na roƙe shi. Na ce, "Ejnar, matata ce fa."

Ya ce, "Shi ya sa. Kana so ta yi ta shafa bango tana neman hanya, kamar ƙuda a jikin gilashi?"

Masu jinya suka ci gaba da gadin ƙofa, ni kuma na ci gaba da fargaba.

Shi kuwa bai zauna ba. Ya matsa wa hukumar gidan lamba har aka buɗe tsohuwar ƙofar baya, mai fita lambu mai shinge. Ya shafa mata shuɗi irin na kwale-kwalen masunta, ya sa aka shimfiɗa turba ta fararen duwatsu wadda ke zagaya bishiyoyi ta dawo inda ta faro. Yanzu daga kujerarta Bodil ke hango shuɗin, ta tashi ta fita, ta sha iska, turbar ta maido ta.

Ejnar, kai ne ka ƙi biya mini buƙatata, kuma ba wanda nake gode wa kamarka. Kai ne ka tuna mutumin da tunaninsa ya gushe bai rasa mutuncinsa ba. Na gode. Masu zanen gidaje da masu fenti na bayansa, ku yi koyi da shi: ku kalli wanda zai zauna a ɗakin kafin ku zaɓi launi.

Sai dai wani lokaci Bodil takan juya wajen ƙofar titi, ga kuma sanyi ya kusa dawowa. Shekaranjiya na tarar da Ejnar tsaye a gaban ƙofar, da gwangwanin fenti mai launin bango.

Tove ta riƙe ƙugu. "Ashe mai dabon ya iso?"

"Yanzu tana da tata ƙofar," in ji shi. "Bar surutu, ki riƙe mini tsanin nan."

Ya tsoma burushi, ya fara daga sama.