Kawu Kuniaki da Gangar Gidan Buda

Kawuna Kuniaki awara yake yi, kamar yadda mahaifinsa ya yi, a wani ɗan shago da ke gindin tsaunin ƙauyenmu, Kurumisawa. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, ce maka zai yi shi makaɗi ne. Rana ɗaya tak yake kiɗan a shekara, ranar bikin girbin shinkafa. Sauran kwanakin, in ji matarsa Goggo Fusae, jira kawai yake yi, yana tace waken suya don kada a ce zaman banza yake.

A kan tsaunin gidajen ibada biyu ne, shingen itatuwa ya raba su. A dama gidan kami, wato allolin da ke tsare mana tsauni da gonaki, da jar ƙofarsa da dogayen matakalansa na dutse. A hagu gidan Buda, maƙabarta a bayansa. Haihuwa da aure da sabuwar mota da girbi, dama ake kai su. Mutuwa da duk abin da ke biyo ta, hagu. Kawu bai taɓa ganin abin zaɓe a ciki ba. Kullum da safe sai ya sa wa kami ruwa da shinkafa a 'yar kantarsu da ke saman bangon ɗaki, ya tafa hannu sau biyu, sannan ya juya ya kunna wa marigayi mahaifinsa turare a gaban Buda, ya haɗa tafukansa shiru. Lokacin da nake jami'a na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi wanne ya fi yarda da shi. Ya dube ni kamar na ce ya zaɓa tsakanin shinkafa da miya.

Masu kula da gidajen biyu abokansa ne tun firamare. Malam Morihiko ne na gidan kami, siriri, mai son komai ya tafi kan ƙa'ida. Malam Ryokai na gidan Buda kuwa ƙato ne, kansa a aske ƙwal, dariyarsa har gindin tsauni ake jin ta. Kusan kullum a shagon Kawu suke haɗuwa, kowa da kwanonsa.

"Mai ƙwal, yau wa aka kawo maka?" Morihiko zai ce.

"Naka ne dai, mai doguwar hula. Kai ka karɓe su cikin zanen goyo suna tsala ihu, ni in karɓe su sun yi hankali."

Kawu ya fara kaɗa gangar gidan kami yana ɗan shekara sha tara, bara kuwa ya cika saba'in da ɗaya. Kiɗan ba na ado ba ne. Ranar biki ana sa kami cikin wani ɗan ɗaki na katako da zinariya, maza su ɗauka a kafaɗa su sauko da shi matakala tamanin da shida, kuma da bugun gangar suke ɗaga ƙafa tare. Matasa sun watse birni, ƙaramin cikin masu ɗaukan ya haura arba'in. Saboda haka dattawa suka yanke cewa na bara ne na ƙarshe a kafaɗa. Daga nan a bayan mota za a riƙa ɗora kami, kiɗa kuma daga lasifika.

Kawu bai yi musu ba. Ya dai sayi sababbin sandunan kiɗa, ya shiga shafa wa kafaɗarsa magani tun watan Yuli.

Sai Kaka Tsuyano, mahaifiyarsa, ta rasu a ƙarshen Agusta tana da shekara casa'in da shida. Ta ci abincin rana, ta yi mitar cewa miyar ta yi gishiri, ta kishingiɗa, shi ke nan. Maƙwabci ya zo ya manna farar takarda a fuskar kantar kami, don kami ba sa son ganin mutuwa. Wanda ya rasa uwa ko uba ba ya tafa musu hannu, ba ya ratsa jar ƙofa, sai ya cika kwana hamsin.

Goggo ce ta fara duba kalanda. Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa, sannan ta kira ni in ƙirga, wai ni ce na yi karatu. Ranar biki ta faɗo daidai kwana na arba'in da tara, ranar da ake yi wa mamaci babbar addu'a a gidan Buda. Kwana ɗaya ne ya rage wa Kawu.

"Tsohuwar nan!" in ji Goggo. "Duk rayuwarta ba ta taɓa makara ba, sai a wannan."

Washegari Morihiko ya zo da kwanonsa, amma bai yi tsokana ba. Ya ce akwai hanya: zai tsayar da Kawu a wajen ƙofa, ya kaɗa masa reshen tsarki, ya watsa masa gishiri, ya shiga abinsa. Ana yi wa masu lalura.

Kawu ya daɗe yana kallon awarar da ke cikin ruwa.

"Kakkaɓe uwata za ka yi daga jikina ke nan."

"Ba haka ake cewa ba, Kuniaki."

"Haka ne mana. Kwana hamsin aka ba ta, hamsin zan cika mata. Ku nemi wani."

Wanda aka samu shi ne Mitsugu mai raba wasiƙu, mutumin kirki, ɗan shekara hamsin da wani abu. Kullum da la'asar yana gwaji a kan tsauni, kiɗan na saukowa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Da an fara sai Kawu ya rufe tagar shago. A makonnin nan awararsa ta yi tauri, masu saye suka lura.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Muka hau ta hagu cikin baƙaƙen kaya, muka durƙusa a gaban Buda, hoton Kaka a tsakiyar furanni. Ryokai ya fara karatu da muryarsa mai kauri. A ƙetaren shinge kuwa sarewa ta tashi, sai ihun maza, sai gangar Mitsugu. Ina bayan Kawu, ina ganin yatsunsa suna bugun cinyarsa, suna gyara abin da ake ɓatawa a can.

Can muka ji wani ya yi ƙara: "Ku tsaya! Na gaba sun sauka, na baya ba su ɗaga ba!" Wani ya amsa da zagi. Gangar ta yi sauri, ta tsaya, ta sake farawa.

Ryokai ya katse karatu a tsakiyar layi, ya juyo gaba ɗayansa.

"Kai, wannan kiɗa ya hana ni sanin inda nake. Kuniaki, tashi. Ka ga gangarmu can a lungu? Wuyan hannuna ciwo yake, yau kai za ka kaɗa wa gyatumarka."

"Ban iya kiɗan addu'a ba."

"Wa ya ce maka na addu'a? Kaɗa wanda ka iya."

"Gangar Buda ce fa."

"Fatar saniya ce da itace, irin waccan. Kuma a gidan nan mutuwa ba baƙuwa ba ce, ba mai korar ka."

Kawu ya dubi Goggo. Goggo ta ce, "Ni kake kallo? Cire kwat ɗin, kada ka yaga hammata."

Maza uku cikin dangi suka turo gangar har bakin baranda, dab da shinge. Kawu ya naɗe hannun farar rigarsa, ya auna nauyin sandunan da ba nasa ba, ya buɗa ƙafafu. Bugun farko sai da hoton Kaka ya motsa. Ya yi na biyu, ya dakata, ya yi na uku.

Ƙetaren shinge ya yi tsit. Sai wata murya ta ce, "Kuniaki ne!" Ihun ya dawo, amma yanzu baki ɗaya, yana faɗuwa daidai kan bugun. Kawu ba ya ganinsu, ganye ya tare. Da kunne yake bin su. Inda matakalar ta yi kwana ya sassauta, inda wani dutse ya karkace ya ja bugun ya ba su sarari. Bayan ɗan lokaci gangar Mitsugu ta shigo a hankali, tana bin tasa a baya kamar ɗan maraƙi.

Doguwar baƙar hular Morihiko ta ɓullo ta saman shinge, sannan fuskarsa.

"Ryokai! Mene ne haka?"

"Addu'ar mamaciya muke yi. Kada ka dame mu."

"Da kiɗan kami?"

"Ƙofarka ya ratsa?"

Morihiko ya juya kai. Ya leƙa ƙasa wajen masu saukowa, ya sake duban Kawu, hular ta nutse.

Sai da muka ji tafi daga gindin tsauni sannan Kawu ya sauke hannu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, Goggo ce ta zare masa sandan daga yatsu. Ya juya wa mutane baya ya daɗe yana goge fuska, ni kuwa na mai da idona kan furanni.

"To," in ji Ryokai, "mu koma, tsohuwa na jira. Ina ma na tsaya?"

Aka ƙarasa addu'a, aka kai tokar gawar Kaka, da aka ƙona bisa al'adarmu, kusa da ta mijinta a maƙabarta. Muna cin abinci a baranda sai ga hannu ya miƙo kwalbar giyar shinkafa ta saman shinge, daga cikin wadda aka ajiye wa kami da safe.

"Kuniaki," in ji Morihiko daga can, "gobe hamsin ta cika. Ka shigo ta ƙofa ka yi wa kami bayani da bakinka, ni ban san me zan ce musu ba."

Kawu ya karɓi kwalbar da hannun hagu.

"Da wuri zan zo. Awara nawa zan taho maka da ita?"

"Biyu. Mai laushi fa, ba irin ta kwanan nan ba."