Rugar da Ba Ta da Bango

Yaya Saratu, yau bayan sallar asuba na ɗan koma na kishingiɗa, sai na yi wani mafarki mai ban tsoro. Don Allah ki ajiye abin da kike yi ki saurare ni.

Amma bari na fara tona wa kaina asiri. Kin san aikina idan an fita zagayen rigakafi, ni ce mai riƙe takarda da alli. Duk gidan da muka shiga aka ɗiga wa yara maganin shan-inna, sai na yi alama a jikin bango, idan Malam Sabi'u mai duba aikinmu ya biyo baya, alamar yake bi. To, rugar su Inna Dije, Bafulatanar nan da ke kawo mana nono, tana ƙetaren rafi, kuma bukkokinsu na kara ne da ciyawa, babu inda alli zai kama. A zagayen da ya wuce ruwa ya ciko, mun gaji liƙis, sai muka ce ai ko mun je babu shaidar mun je. Da hannuna na rubuta wai babu kowa, sun tashi. Tun daga nan sunan rugar ya fita daga jerin wuraren da ake zuwa. Gobe kuma zan miƙa jerin sabon zagaye.

A mafarkin, wai ina tafe cikin wani gari da babu komai sai bango. Babu ƙofa, babu taga. Kowane bango da alamata a jiki, rubutuna ne kuwa, na gane shi da karkatarsa. Sai kawai na gan ni a asibitinmu, amma ya yi faɗi kamar filin idi, babu rufi, shanu na kwance tsakanin gadaje suna tuƙa, kuma abin bai dami kowa ba. Wata murya tana kiran sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya, ban ga mai ita ba. Duk unguwar da aka kira, sai mutanenta su tashi a ba su magani. Can gefe ga mata zaune a ƙasa da goyo, shiru, ba a kira su ba. Likita ya wuce ta gabansu har rigarsa ta shafi kan ɗaya, ko waiwaye. Na ce, "Likita, ga mutane fa a nan." Ya duba takardar hannunsa ya ce, "Nan babu kowa." Na leƙa takardar, ashe tawa ce.

Sai kawai ga Inna Dije a gabana, ta goyo jikarta Hurera, ƙafafun yarinyar na reto kamar tsumma. Ba ta yi mini faɗa ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sauke ƙwaryarta, ta kife a ƙasa, ta ce, "'Yata, tunda ba mu da bango, rubuta mu a nan." Na durƙusa na ja alli, bai fito ba. Na goge ƙwaryar da gefen mayafina na sake ja, sai allin ya narke ya zama nono, yana bin hannuna har gwiwa. Na ce, "Inna, yara nawa ne a rugarku?"

Sai kawai rafi ya ratsa tsakiyar asibitin, ita a can, ni a nan. Malam Sabi'u ya hau kan benci yana cewa aikinmu ya yi kyau, kowa ya samu, ba a bar ko ɗaya ba, jama'a sai tafi suke yi. Ina ta ƙoƙarin na ce ƙarya ne, muryata ta ƙi fita. Inna Dije ta ɗauki ƙwaryarta ta juya za ta tafi. Nan ne na ga zanin goyon ɗaure tamau a bayanta, amma babu kowa a ciki.

Na farka ina salati, yatsuna a matse kamar har yanzu ina riƙe da allin. Ina zaune a bakin gado sai na tuna yau kwana huɗu ke nan Inna Dije ba ta kawo nono ba, ita da ko ana ruwa sai ta zo. Yaya, kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni.

Idan na mayar da sunan rugar cikin jerin gobe, dole na tsaya gaban Malam Sabi'u na ce ni na yi ƙarya. Kin san shi ba ya wasa da aiki, yana iya cire ni, abokan tafiyata kuma ba za su yafe mini ba don na jawo su ciki. Duk wannan ma ba shi ne ya hana ni karyawa ba. Ga silifas ɗina a bakin ƙofa tun ɗazu, rafin ya janye, amma na kasa tashi na je, ina tsoron abin da zan tarar.

Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, Yaya. Goyon nan da babu kowa a ciki, gargaɗi ake yi mini tun da sauran lokaci, ko kuwa labarin abin da ya riga ya faru ake ba ni?