Farin Hankicin da Na Kaɗa a Hanyar Gwantu

A tsakiyar shekarun saba'in ni ungozoma ce a Kafanchan, ban daɗe da aure ba, kuma ni kaɗai ce mace mai tuƙa mota a ikilisiyarmu. Motar 'yar ƙarama ce ta hannu, irin mai ƙusumbin nan da ake ce wa kunkuru, amma a idona duk garin babu kamarta. Iyakar tuƙina daga gida zuwa asibiti, daga asibiti zuwa sujada. To amma kai ya riga ya kumbura. Duk abin da aka tambaye ni game da mota, bakina ba ya iya furta ban sani ba. Yau in muka tuna abin da zan ba ku labari dariya muke yi har da hawaye, amma a ranar kam ban ga abin dariya ba.

A ƙarshen damina aka yi taron zumuntar mata a Gwantu. Sauran matan suka shiga a-kori-kurar wani ɗan ikilisiyarmu mai fataucin citta, ni kuwa na ɗauki uwar zumunta, tsohuwar da kowa ke kira Mama, na sa ta a gaba ina ta yanga. Ran Lahadi da aka tashi taro, na murɗa makulli, shiru. Mata suka ɗaura ɗamara suka tura ni har ƙarshen fili suka dawo da ni, ko tari motar ba ta yi ba. Mama ta leƙo ta taga ta ce da irin Hausarta wai a bar shi, motan ya gaji. Babu makaniki ran Lahadi, ga shi washegari ina da aikin safe. Sai mai citta ya ciro igiyar da yake ɗaure buhuna, ya ce zai ja ni har gida. Ya tambaye ni ko an taɓa ja na, na ce haba, sau nawa kuma! Alhali ko gani ban taɓa yi ba. Ya ce to kada in bar igiyar ta yi sako-sako, kuma tunda hon ya mutu tare da batir, da me zan sanar da shi in ina so ya tsaya? Na ja shi gefe don kada mata su ji kamar ina da wata fargaba, na raɗa masa cewa zan kaɗa farin hankici ta taga, ya riƙa duba madubi.

Muka kama hanya. Bayan a-kori-kura ya cika maƙil, waɗanda suka shiga a ƙarshe suka sauke murfin baya suka zauna a kai, ƙafafunsu na lilo daidai hancin motata. Igiyar kuwa gajera ce. Tun kafin mu bar gari aka ɗauki waƙa, ana buga tulu ana kaɗa caki, ƙauyen da muka ratsa duk sai an fito kallo. Ni dai tsoro ya sa na ɗora ƙafa a kan birki tun daga Gwantu, ban ɗaga ba ko sau ɗaya, a zatona haka ake riƙe igiya a miƙe. Mama na gefena tana ɓare gyaɗa tana amsa waƙa, hankalinta kwance. Bayan mun wuce Gidan Waya na fara jin ƙauri. Mama ta shaƙa ta ce wane marar tsoron Allah ne yake ƙona daji ran Lahadi. Ashe birkina ne yake toyewa. Muna kama wani dogon gangare mai sauka zuwa rafi, na taka, sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka taɓo. Birkin hannu kuwa ya daɗe da rasuwa, da dutse nake tare taya a gida.

Na fizgo hankici na fitar ta taga ina kaɗawa iya ƙarfina. Kai, jama'a! Na manta da ko su wa ke gabana. A wurinmu, in waƙa ta yi daɗi ta ratsa jiki, hankici ake ɗagawa. Matan nan suna ganin nawa sai suka yi guɗa, kowacce ta zaro nata, fari tas, aka shiga kaɗa mini ana ƙara wa tulu wuta. Mai citta ya duba madubi ya ga hankici ko'ina, ina zai gane nawa? Na yi ihu su ɗaga ƙafa, suka ga bakina a buɗe suka ɗauka amshi nake yi. Igiya ta kwanta tana jan ƙasa, motata tana matsowa kaɗan-kaɗan. A tsakiyar masu zaman bakin murfi akwai wata yarinya da goyo, ni na karɓi haihuwar jaririn da hannuna, ga ta tana yi mini murmushi tana wasa da ƙafa. In mai citta ya taɓa birki a bakin gada, zan niƙe ƙafafun nan duka. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Na juya na gaya wa Mama birki ya mutu. Tsohuwar nan ba ta tambaye ni komai ba. Ta zubar da gyaɗa, ta cire ɗankwali, ta fitar da rabin jikinta ta taga da furfurarta a waje, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ƙwalla kukan mutuwa da yarenmu. Wa ya taɓa ganin uwar zumunta da kai a buɗe? Waƙa ta yanke nan take. Na ji ana dukan rufin a-kori-kura, na ga ta fara tsayawa, ni kuwa na kira sunan Yesu na murɗa sitiyari hagu. Allah ya taimake ni ƙullin igiyar ya kwance, na wuce gefen murfin nan da ƙyar na afka gonar doya. Kunkuru ta hau kunya ta sauka, ta sake hawa, ta kafe hanci a ƙasa ta tsaya cak.

Mata suka diro da gudu, wasu sun riga sun fara kuka, suna tambayar wa ya mutu. Mama ta fito a hankali, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa, ta ɗaura ɗankwalinta tsaf, sannan ta ce ba wanda ya mutu tukuna. Da suka gane abin da ya faru, sai yarinyar nan mai goyo ta sunkuya tana duban ƙafafunta. Can wata ta fashe da dariya, ta ce ita fa har tana yaba mini a ranta, wai ashe Malama ta iya shiga ruhu haka. Shi ke nan kowa ya ɓarke, har da ni. Muka durƙusa cikin gonar mutane muka yi addu'a. Mai gonar ya iso da fushinsa, ya tarar da mata cikin anko suna gyara masa kunya da hannu, sai kunya ta kama shi, ya sare mana wani miƙaƙƙen itace aka ɗaure tsakanin motocin a madadin igiya. Aka rufe murfin baya, kowa ya naɗe ƙafa. Mama ta kafa doka, ba waƙa sai Kafanchan, amma ba mu yi nisa ba na ji ita da kanta tana yi ƙasa-ƙasa. Mai citta bai yi mini faɗa ba. Da muka iso gida da yamma sai kawai ya tambaye ni cikin ladabi ko sauran jan da aka yi mini ma a gonar doya suka ƙare.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Da na ce ban sani ba, da an koya mini a tsaye, da ban ƙona birki ba. Da na faɗi maganar hankici a gaban kowa, da wata ta tuna mini abin da hankici yake nufi a wurinmu. Kunyar a ga tsorona ce ta kusa gurgunta matan da suka tura mini mota da hannunsu. Don haka nake roƙon masu karatu, in za a ja ku da mota, ku faɗi iyakar saninku, kada a bar kowa zaune tsakanin motoci biyu, kuma alamar tsayawa a faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji. Ku zaɓi wadda ba ta kama da murna. Mu mutanen nan, in muka ga hannu a sama, amsa masa muke yi da waƙa.